Daga Aza Harsashi Zuwa Miƙa Makulli: Jawabi Ga Masu Jagorancin Ayyukan Gini

 

An nemi in yi magana a kan abin da ya wajaba mai jagorancin aikin gini ya iya bayan lissafi da karatun taswira, wato iya magana da mutane, da iya shugabanci, da iya rufe aiki. Babu wurin da ya fi Tsarnawa dacewa da wannan zance. A nan ne babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram take rabuwa da wadda ta yi arewa zuwa Badagishiri da Tawa, har Agadas da Arlit. Duk wanda ya zauna awa guda a bakin mararrabar nan zai ga siminti yana wucewa, da ƙarfe, da tsakuwa, da manyan injuna a bisa tirela. Gabas da mu kaɗan ga masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta fara aiki a 1966 da ƙarfin tan dubu 40 a shekara. Sabuwar da aka ƙaddamar a watan Maris na 2019 kuwa an gina ta ne domin ta fitar da tan dubu 650. Kayan aiki suna ƙofar gidanmu, magina kuma ba mu rasa su ba. To me ya sa ƙauyukanmu suke cike da azuzuwan da ba a rufe ba, da rijiyoyin da suka mutu tun suna sababbi, da kwalbatin da damina ɗaya ta tafi da shi?

Amsar da nake so ku tafi da ita gida ita ce: mun ɗauka aiki yana ƙarewa ranar da aka yanka ƙyalle aka yi guɗa, alhali yana ƙarewa ne ranar da masu amfani da shi suka karɓe shi yana aiki, suka san yadda za su riƙe shi, kuma babu wanda yake bin wani bashi a kansa. Wannan rana kuwa tun ranar farko ake shirya ta.

Gwanayen aza harsashi

Jama'a, a ƙasar nan ba mu da na biyu wajen aza harsashi. A watan Agusta na 2008 marigayi shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashin madatsar ruwa ta Kandaji a kan kogin Isa. An ba wani kamfanin Rasha kwangilar, aka soke ta a 2013 saboda aikin bai yi gaba ba. Aka sake ƙaddamar da shi a watan Maris na 2019 da kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, shi ma ya dakatar da aiki a watan Agusta na 2023, lokacin da masu ba da kuɗi suka tsayar da biya bayan juyin mulki. Shekara 15 ke nan tsakanin dutsen farko da wannan dakatarwa. Yaron da aka haifa ranar bikin ya isa riƙe hauya, bai ga wutar Kandaji ba.

Ku dubi kuma hanyar jirgin ƙasa daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wadda kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗawa a 2014. An yi bikin buɗe ta a ƙarshen watan Janairu na 2016, ƴan makonni kafin zaɓen shugaban ƙasa. Amma layin da ya taso daga Kwatano a Paraku ya tsaya, ba a haɗa Paraku da Doso ba, shari'a kuma ta sarƙe aikin a ɓangaren Benin. An shimfiɗa ƙarfe, an gina tasha, amma ɗan kasuwa bai taɓa ɗora buhun albasa a kai ba. A takarda an gama, a kasuwa kuwa babu abin da aka fara.

Ban kawo waɗannan misalai domin in ci mutuncin wata gwamnati ba. Farar hula sun aza harsashi, soja ma sun aza, kuma ciwon bai zaɓi riga ba. Na kawo su ne domin ku gane cewa abin da yake samun aikin miliyoyi masu yawa shi ne yake samun aji biyu a Dogerawa ko ɗakin shan magani a ƙasar Illela. Girman kuɗin ne kawai ya bambanta.

Darasin filin noman Ƙonni

Bari mu dawo gida, ga misalin da kowa a nan ya sani da ƙafarsa. Filin noman rani na Ƙonni an gina shi ne kashi biyu a zamanin marigayi Saini Kunce, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1982, faɗinsa hekta 2452. Ruwansa yana fitowa daga madatsun Mozage da Zango a kan Maggiya, ya bi babbar hanyar ruwa mai tsawon kilomita wajen 15, ya huta a tafkin Cerasa, sannan a rarraba shi cikin gonaki. Aiki ne na a zo a gani, kuma dubban magidanta sun ci abinci da shi. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita aka ɗora wa kula da irin waɗannan filaye. Bayan taron Damagaram na 1982 kuma aka ce ƙungiyoyin manoma su riƙe su da kansu, su tara kuɗin ruwa bayan kowace kaka domin gyara.

Me ya biyo baya? Kowace damina ƙoramu suna kwaso ƙasa daga tuddan Adar suna zubawa cikin madatsun, har cikinsu ya ragu. Hanyoyin ruwa suka tsattsage, ƙofofin ƙarfe suka yi tsatsa, kuɗin ruwa bai isa babban gyara ba, gwamnati kuma ta shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Aka wayi gari da rani sashe kaɗai na filin ake iya nomawa, manomin da gonarsa take ƙarshen layi yana kallon ruwa yana ƙarewa kafin ya iso gare shi. Waɗanda suka zuba kankaren sun yi aikinsu, ginin ya rayu shekaru da dama. Tambayoyin da suka ci filin ba na kankare ba ne: wa zai kwashe laka, da wane kuɗi, wa zai tare ƙasar tun daga kan tudu, kuma wa zai hukunta wanda ya fasa hanyar ruwa da dare? Duk aikin da aka miƙa ba tare da amsar irin waɗannan tambayoyi a rubuce ba, an miƙa shi ne da ranar mutuwarsa a rataye.

Sai da aka kai 2016 kafin Nijar ta sa hannu da hukumar MCC ta Amurka a kan yarjejeniyar dala miliyan 437, wadda gyaran filin Ƙonni yake ciki. Yarjejeniyar ta fara aiki a watan Janairu na 2018, kuma irinta wa'adin shekara biyar gare ta; annobar korona ce ta sa aka ƙara shekara ɗaya. Ku lura da wannan ƙa'ida, domin darasi ne babba: ranar rufewa an rubuta ta tun kafin a haƙa rami na farko, kuma abin da ba a gama ba a ranar, ba a biyan shi daga wannan asusu. Mu kuwa mun saba da kwangilar wata shida da take cika shekara uku babu mai jin kunya. Ku lura kuma cewa a wannan karo an haɗa gyaran gini da kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin an gane cewa sabon siminti a hannun tsohon sakaci, tsohon sakamako zai haifar.

Maganar farko: iya magana

A kan kowane shantiye akwai aƙalla mutum huɗu da ba su jin harshen juna ko da duk Hausawa ne: mai aikin, wato ma'aikata ko ƙaramar hukumar da ta ba da kwangila, injiniyan sa ido, ɗan kwangila da ma'aikatansa, sai jama'ar gari. Aikin shugaban shantiye shi ne ya zama tafinta a tsakaninsu.

Ya fara da jama'a. Kwangilolinmu da Faransanci ake rubuta su, waɗanda za su zauna da aikin kuwa Hausa suke ji. Kafin a sauke tifar yashi ta farko, a tara mutane a ƙofar mai gari, maza da mata, a faɗa musu dalla-dalla abin da za a gina, da kuɗinsa, da tsawon lokacinsa, da gonar wanda za a taɓa, da abin da za a biya shi. Allon da ake kafawa a bakin shantiye a rubuta shi har da Hausa, boko da ajami, kuma kada a bar gurbin kuɗi babu komai. Mutumin da ya san cewa an biya kuɗin tagogi shida ba zai yi shiru ba in ya ga huɗu. Haka nan tsoho da ya shekara sittin a gari ya fi taswira sanin inda ruwa yake bi a shekarar ambaliya. Kwalbati da yawa sun tafi ne domin ba wanda ya tsaya ya tambaye shi. A wurin noman rani kuwa abin ya fi tsanani, domin gyaran hanyar ruwa yana nufin rufe ruwa. In ba a faɗa wa manomi ranar rufewa da ranar buɗewa tun kafin ya sayi iri da taki ba, an sa shi asara, kuma an sayi maƙiyi da kuɗin gwamnati.

Sannan rubutu. Mu mutane ne masu girmama maganar baki, kuma a kasuwa tana da daraja. A shantiye kuwa maganar da ba a rubuta ba, ba a yi ta ba. Wani babba zai tsaya da mota ya ce a ƙara shirayi, ko ya bugo waya ya ce a sauya wurin ƙofa. Ɗan kwangila ya yi domin kunya. Ranar biya babban an sauya masa wurin aiki, magajinsa ya ce bai ga takarda ba. Saboda haka kowane shantiye ya kasance da littafinsa, a riƙa rubuta abin da ya faru kullum: lebura nawa suka zo, buhu nawa aka buɗe, ruwan sama ya tsayar da aiki awa nawa, wa ya ba da wane umurni. Kowane mako a zauna, a rubuta abin da aka yanke, kowa ya sa hannu kafin a tashi. Duk canjin da ya taɓa kuɗi ko lokaci, sai da takardar umurni, in ya yi girma sai da ƙarin yarjejeniya. Saƙon WhatsApp yana da amfani wajen aika hoto da gaggawa, amma baitulmali ba ya biyan kuɗi a kan muryar da aka naɗa a waya.

Abu na uku shi ne mafi wuya, wato kai mummunan labari da wuri. Mun saba da «komai lafiya, ranka ya daɗe» har sai bango ya faɗi. Waɗanda suka yi kwangila a watan Janairu na 1994 suna tuna daren da aka karya darajar sefa da rabi: ƙarfe da kwano da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tsalle, farashin da ke cikin kwangila kuwa yana nan inda yake. Haka aka sha wuya da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma rufe iyakokin 2023. A irin wannan hali, wanda ya rubuta wa mai aiki a makon farko, ya nuna lissafi, ya nemi a sake duba farashi ko wa'adi, yana da hujja a hannunsa. Wanda ya yi shiru ya rage siminti a ɓoye domin ya cike giɓi, ya mayar da matsalar kuɗi ta zama matsalar rai.

Magana ta biyu: shugabanci

Shugabancin shantiye ana gane shi ne ranar biyan lebura. Wanda yake biyan ma'aikatansa a ranar da ya yi musu alkawari zai iya cewa a rushe katangar da ta karkace, a rushe ba gardama. Wanda ake bi albashin mako uku kuwa ba shi da bakin tsawatawa, kuma kada ya yi mamaki in buhunan siminti suka fara tafiya kasuwa da ƙafarsu.

Ana gane shi kuma a wurin kwaɓa kankare. In kwangila ta ce kilo 350 na siminti a kowane kubik mita, buhu bakwai ke nan, ba biyar ba. In ta ce buhu ɗaya ya fitar da bulo talatin, kada a matsa masa ya haifi hamsin. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma a zafin Afrilu na wannan yanki, in ba a shayar da shi ruwa safe da yamma a makon farko ba, ƙonewa yake yi. Waɗannan abubuwa babu mai ganinsu ranar biki, domin fenti ya rufe. Shugaban shantiye ne kaɗai ya san abin da ke cikin ginshiƙi, shi da Ubangijinsa, ƴaƴan mutane kuma a ƙarƙashin rufin za su zauna.

Daga nan sai iya cewa a'a cikin ladabi. Za a zo a ce maka babban baƙo yana tafe ranar kaza, a cire katakon da ya tallafe rufi, a shafa fenti, a buɗe. A zamanin jam'iyyu zaɓe ne yake kawo wannan gaggawa, a wani zamanin kuma ranar bikin ƙasa ce ko ziyarar gwamna. Amsarka ita ce: «Ranka ya daɗe, a zo a ga aiki, muna maraba; amma kankaren nan kwanansa goma, ba zan cire masa tallafi ba, ga kuma dalilina a rubuce.» Mai yiwuwa a ji haushinka na mako guda. In rufin ya faɗo kuwa, wanda ya matsa maka ba zai tuna ya taɓa ganinka ba.

Yanzu alhazai, ku yi mini haƙuri, zan taɓo ku. Da yawa daga cikin masu karɓar kwangila a wannan yanki ƴan kasuwa ne, kuma ba laifi ba ne. Laifin yana farawa ne daga kuɗin kafin alƙalami. Ƙa'idojin UEMOA na 2005 sun yarda a ba ɗan kwangila har kashi 30 cikin 100 na kuɗin aiki tun farko, domin ya sayi kaya ya kafa shantiye. Sai a ɗauki kuɗin nan a sayi albasa a Galmi a ajiye, ana jiran ta yi tsada, da niyyar in an sayar a dawo kan gini. In kasuwa ta yi kyau, aiki ya makara wata huɗu. In ta faɗi, aiki ya mutu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin shantiye a buɗe masa asusunsa daban, kuma injiniyan da ka ɗauka ka bar shi ya yi aikin da kake biyan sa dominsa. Kada ka ajiye takardar shaidarsa a cikin fayil, ka tura ɗan ƙanenka ya riƙe shantiye.

Ƴan uwana ma'aikata, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Takardar biya da take kwana wata uku a kan tebur tana jiran a zo a gaishe ta, ita ce take koya wa ɗan kwangila rage siminti. Abin da aka karɓa a ofis, daga cikin ginshiƙi ake cire shi. Ku tuna da farkon shekarun 1990, lokacin da aka kafa NIGETIP bisa misalin AGETIP ta Senegal ta 1989. Abin da ya jawo ƙananan ƴan kwangila gare ta shi ne sauƙin takardu da saurin biya. Wannan ya nuna cewa jinkirin biya ba ƙaddara ba ce, hali ne, kuma hali ana iya sauya shi. Injiniyan sa ido kuma da ɗan kwangila yake ɗauke wa kuɗin mai da abinci, idonsa ya riga ya rufe tun kafin ya iso. Mai aiki ne ya kamata ya ɗauki nauyinsa.

Magana ta uku: rufe aiki

A nan ne muka fi rauni, domin a lokacin kowa ya gaji, kuɗi sun ƙare, ƙwararrun magina sun tafi wani shantiye, hankalin ɗan kwangila kuma yana kan sabuwar kwangila. Kashi biyar na ƙarshe na aiki yakan ci haƙurin da kashi casa'in da biyar ba su ci ba.

Doka ta tsara abin mataki-mataki. Da farko akwai karɓar wucin gadi. Kwamiti ya zo ya zagaya da ƙafa, da rana, ba a cikin ofis ba. A buɗe kowace ƙofa a rufe, a kunna kowane famfo, a zuba ruwa a kan rufi a ga inda yake bi, a saki ruwa cikin hanyar ruwa a bi shi har gonar ƙarshe. Duk aibin da aka gani a rubuta shi cikin jerin gyare-gyare, kowanne da ranar da za a gama shi. A cikin kwamitin nan lalle a sa wanda zai zauna da aikin: shugaban makaranta, ko malamin asibiti, ko shugaban ƙungiyar manoma. Wanda zai koma Tawa ko Yamai da yamma ba shi ruwa zai zuba wa a ka ba.

Bayan haka sai lokacin lamuni, wanda galibi shekara guda ne. A cikinsa mai aiki yana riƙe da kuɗin jingina, da bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da aka biya ba. Hikimar wannan shekara ita ce gini ya ga damina ɗaya da bazara ɗaya, domin su ne masu binciken da ba a iya gaisarwa. In aibi ya fito, ɗan kwangila ya gyara da kuɗinsa. Sai an yi karɓar ƙarshe a sake masa jinginarsa. Manyan gine-gine kuma alhakin ƙarfin ginin yana kan wanda ya gina har shekara goma. Amma sau nawa aka sa hannu a kan karɓar ƙarshe ba wanda ya je wurin? Sau nawa kuma ɗan kwangila ya gyara komai, ya shekara biyu yana sintiri a kan jinginarsa? Duka biyun cin amana ne, ɗaya ga talaka, ɗaya ga ɗan kasuwa.

Akwai kuma abin da ake miƙawa tare da makulli. Na farko, taswirar abin da aka gina a zahiri, domin abin da aka zana da abin da aka binne a ƙasa ba safai suke zama ɗaya ba. In babu ita, bayan shekara biyar sai a fasa rabin fili ana neman bututu guda. Na biyu, takardun injuna da kayan gyara na farko, da sunan wurin da ake samun irinsu. Famfon da sai an aika Turai kafin a sami abin da ya lalace a cikinsa, gara rijiya da guga. Na uku, horo: a koya wa mutum biyu ko uku na garin yadda ake kunnawa da kashewa da ƙaramin gyara, tun ana cikin aiki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na huɗu, lissafin abin da riƙon aikin zai ci a shekara, da sunan wanda zai biya, a rubuce, da sa hannunsa.

Kada kuma a manta da bashi da rami. Mai tifar da ya kawo tsakuwa, da mai shagon da ya ba da ƙusa da kwano bashi, da matar da ta shekara tana dafa wa lebura abinci, duk suna cikin aikin, kuma ba a rufe shi ba sai an sallame su. Ramukan da aka haƙa domin ɗibar jar ƙasa a gefen hanya kuwa, in ba a cike su ko an gyara bakinsu ba, da damina tafki suke zama, yara su faɗa, sauro ya hayayyafa. Na san wani ɗakin shan magani a wani ƙauye na wannan jaha, ba zan kama suna ba, da aka gama shi fes, ya kusa shekara biyu a kulle. Ɗan kwangila ya riƙe makulli domin ba a biya shi kason ƙarshe ba, ofis kuma ya ƙi biya domin wata takarda guda ta ɓata. A tsawon wannan lokaci mata masu naƙuda a amalanke ake wucewa da su ta ƙofarsa zuwa wani gari. Da aka buɗe shi, jemagu sun riga sun lalata silin, sai da aka sake neman kuɗin gyara. Babu wanda ya saci ko dala a wannan labari, amma ku auna abin da rashin rufe aiki ya ci.

Abin da nake roƙo

Ga hukumomi, roƙona shi ne a riƙa lissafa ayyuka da adadin waɗanda aka yi wa karɓar ƙarshe, a daina lissafa su da adadin harsashin da aka aza. Kowace ƙaramar hukuma, daga Tsarnawa zuwa Malbaza da Illela, ta manna a ƙofar ofishinta jerin kwangilolin da ta bayar: wa ya karɓa, nawa ne, yaushe ya kamata a gama, ina aka kwana. Wannan ba ya bukatar taimakon ƙasar waje, takarda ce da ƙusa huɗu. Kuma kafin a aza sabon dutse, a fara zagaya waɗanda aka aza bara.

Ga ƴan kasuwa, ku tuna harajinku da kuɗin kwastan da kuke biya a Ƙonni su ne ake zubawa cikin waɗannan ramuka. Kuna da haƙƙin tambaya, kuma in kwangilar a hannunku take, kuna da nauyin amsawa. Ga ma'aikata, sa hannunku amana ce. Kada ya sauka a kan abin da idonku bai gani ba, kada kuma ya yi nauyi a kan haƙƙin wanda ya gama aikinsa.

Ku kuma samari masu riƙe da shantiye, ranar da aka ba ku takardar fara aiki, ku buɗe shafin ƙarshe na littafinku, ku rubuta duk abin da za ku miƙa ranar tafiya da sunan wanda zai karɓa. Ku riƙa duba shafin nan kowace Juma'a. Kwangila takan ƙare, gwamnati takan sauya, amma mutanen gari ba su manta sunan wanda ya gina musu abin da ya tsaya, haka nan ba su manta sunan wanda ya bar musu kango.

Allah ya ba mu ikon cika abin da muka fara, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.